Adon harshe a ajin Turanci: abin da ɗan Katsina ya zo da shi daga gida

Cikin watan Afrilu ne, zafi ya hana kowa zaman ɗaki, muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida bayan sallar isha'i. 'Yar ƙanwata, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare, tana gefe da hasken waya da littafin rubutunta, tana bita da ƙarfi kamar mai tilawa: simili, metafo, fasonifikeshan, haifaboli, aironi, oksimoron. Kowace kalma sai ta biyo ta da ma'anarta da Turanci, ta rufe ido ta maimaita. Saura 'yan makonni ta shiga WAEC, kuma lauya take son zama, ga shi ba a shiga karatun lauya a jami'a sai da adabin Turanci.

Ana cikin haka ƙanenta ya shigo a guje ya yi fatali da ƙwaryar fura. Kakarsu ko motsi ba ta yi ba. Ta dube shi ta ce, "Sannu da aiki, ka kyauta. Gobe ma ka ƙara." Yaron, ɗan shekara shida, ya sunkuyar da kai ya fara hawaye. Babu wanda ya yi masa fashin baƙi, ya san ba yabonsa aka yi ba.

Na juya wajen yayarsa na ce, "Abin da Hajiya ta yi yanzu, wanne ne cikin jerin nan naki?" Ta duba littafi sama da ƙasa ta ce, "Kawu, ai babu shi. Wannan gatse ne." Na ce ta karanto mini ma'anar aironi da ta haddace, ta juya ta da Hausa. Ta fara: faɗin magana alhali kishiyarta ake nufi. Ba ta kai ƙarshe ba ta yi shiru, ta dubi kakarta, ta sake duban littafin.

Shekara uku ke nan yarinyar tana dakon wannan kalma a kanta, ba ta san abin da ke cikin kayan ba, alhali tun tana goye take jin sa. Abin da ke damuna ke nan game da yadda ake koyar da waɗannan sunaye a makarantunmu. Ana kawo su kamar kayan da aka sauke daga jirgi, kamar a ƙasar Hausa ba a taɓa kamanta wani abu da wani ba sai da Bature ya zo.

Ban ɗora wa yarinyar laifi ba, ban kuma ɗora wa malaminta ba. Yadda jarrabawar take ne ke jan kowa zuwa hadda. Adabin Turanci a WAEC takarda uku ne. Ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi cikin awa guda: 20 a kan sanin adabi gaba ɗaya, inda waɗannan sunaye suka fi yawa, 10 a kan wani zube da wata waƙa da ɗalibi bai taɓa gani ba, sauran 20 a kan wasan Shekisfiya, shahararren marubucin Ingila, da aka sa a manhaja. Malamin da aji ya cika masa maƙil, littattafai kuma ba su wadata ba, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya cika allo da ma'anoni a kwafa. Haddar kan fitar da yaro a wasu tambayoyin takardar farko. Amma a ta biyu da ta uku, inda za a ce ya yi sharhi a kan labari ko wasa ko waƙa, sai a ga ya jera sunaye kamar mai kiran rajista, bai faɗi abin da ko ɗaya daga cikinsu ya aikata a cikin waƙar ba.

Mu ɗauki wanda kowa ke ganin ya iya. An gaya wa yara cewa simili kwatanta abu biyu ne da ɗayan wasu ƙananan kalmomi biyu na Turanci masu ma'anar "kamar", metafo kuwa kwatantawa ce ba tare da su ba. Daga nan sai yaro ya koma farautar kalmar, duk inda ya gan ta ya ce ya kama simili. A gwada shi da Hausa a gani. "Zan zo kamar ƙarfe biyar." "Kamar za a yi ruwa." "Yarinyar nan kamar uwarta." Duk ukun akwai "kamar", kuma babu adon harshe ko ɗaya a ciki: na farko kintace ne, na biyu zato, na uku bayanin kama ce ta zahiri. Amma idan aka ce "zuciyarsa kamar dutse", an haɗa abu biyu da ba jinsinsu ɗaya ba, an bar mai sauraro ya nemo wa kansa inda suka haɗu. Wannan nema shi ne aikin. Yaron da ya gane bambancin da Hausa ba zai ƙara faɗawa wannan rami da Turanci ba.

Manazarta adabin Hausa ma sun fi littafin ajin Turanci tsefe wannan fanni. Sun kira shi kamantawa, suka kasa shi uku: kamancen daidaito, kamar a ce "sanyi kamar ƙanƙara", na fifiko, "bakinta ya fi barkono zafi", da na kasawa, "ko zuma ba ta kai muryarsa zaƙi ba". Biyun ƙarshe babu "kamar" a cikinsu sam.

Sannan akwai makaranta ta uku da ɗan Katsina ke zuwa, wadda malamin Turanci kan manta da ita. Duk wanda ya yi nisa a Islamiyya ko a zaure ya ji balaga, wato ilmin adon harshe na Larabci, ya ji tashbihi da isti'ara da kinaya. Malaman balaga sun ce tashbihi rukuni huɗu gare shi: abin da aka kamanta, abin da aka kamanta shi da shi, kalmar kamantawa, da fuskar kama. "Wane kamar zaki ne wajen jarumta" ya cika huɗun. A cire fuskar kama, ya zama "wane kamar zaki ne". A cire kalmar kamantawa ma, ya zama "wane zaki ne". To a nan ne hanyoyin suka rabu. A ajin Turanci wannan jimla ta ƙarshe metafo ce, ba musu. A balaga kuwa har yanzu tashbihi ce, mafi ƙarfin tashbihi ma, tunda an ambaci ɓangarorin biyu. Ba ta zama isti'ara sai an ɓoye ɗaya, a ce "zaki ya shigo fada, kowa ya miƙe", ba a kama sunan mutumin ba. Ɗalibin da ya ƙware a balaga zai iya amsa tambayar jarrabawa da ƙa'idar da ya sani, a soke masa, ya fita bai san dalili ba. Da malami ya tsaya minti biyar ya nuna masa inda iyakokin biyu suka saɓa, da ya tsira, har ma ya fi sauran 'yan aji fahimta. Malamin balaga Abdulƙahir Aljurjani ya feɗe wannan fanni tun ƙarni na 11. A Turanci sai a 1936 ne masani I. A. Richards ya raɗa wa ɓangarorin metafo biyu sunayen da ake amfani da su yau.

Su kansu sunayen abin lura ne. Kalmar metafo daga Girkanci take, asalinta ɗaukar abu a ƙetarar da shi zuwa wani wuri. Isti'ara a Larabci aro ke nan. Manazartanmu kuma suka ce siffantawa. Bagirke ya ga dako, Balarabe ya ga aron riga, Bahaushe ya ga ba wa abu siffar da ba tasa ba. Haka baiti, wanda asalinsa gida ne a Larabci, takwaransa na Turanci, sitanza, ɗaki ne a Italiyanci. Jigo kuwa duk wanda ya taɓa shiga lambu ya san shi, icen nan ne da ake jan ruwa da shi. Aka ara wa saƙon da ke ɗauke da labari sunansa. Ashe kalmomin nazarin ma da adon harshe aka gina su.

Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne aikin da siffantawar ke yi, kuma babu inda za a gan shi ƙarara kamar kirarin garuruwanmu. "Daura ta Abdu, tushen Hausa." Gari ba itace ba ne, balle ya yi tushe. Amma da aka ce tushe, an mai da sauran garuruwa rassa ba tare da an ambace su ba. Rijiyar Kusugu, da macijiya, da Bayajida, da Daurama, da Hausa Bakwai, duk an dunƙule su cikin kalma biyu, kuma an yi da'awar fifiko wadda in da a fili aka faɗe ta sai an yi gardama. Wannan shi ne irin bayanin da mai duba takarda ke nema idan ya ce a yi sharhi a kan metafo: me aka ara, me aron ya jawo, me ya ɓoye. Na Katsina ma akwai wani abu a ciki. "Katsina ta Dikko, ɗakin kara." A rubuce, karan gero da karar da ake yi wa baƙo iri ɗaya ne, a baki kuwa kowanne da yadda ake jan sa. Kalma ɗaya mai fuska biyu ita ce ajin Turanci ke kira fan, masu balaga kuma suna da babin jinasi da tauriyya a kanta.

Tun kafin yaro ya shiga firamare ake horar da shi a wannan fanni, da dare, a gindin kaka. "Baba na ɗaka, gemu na waje." Wuta da hayaƙi. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Tsintsiya. Kacici-kacici isti'ara ce tsantsa: an ba ka abin da aka ara, an ɓoye wanda aka ara wa, an ce nemo. In ka kasa ka ba da gari. Akwai kuma siffantawar da ta tsufa a baki har ba a jin ta. Muna cin kasuwa, muna cin amana, muna cin jarrabawa, muna cin mutunci. Muna shan iska, muna shan kashi, muna shan wahala. Ciki yakan yi fari ya yi baƙi, jini ma haka. Turawa na kiran irin wannan mataccen metafo, su ma harshensu cike yake da shi. Amfanin sanin sa shi ne ɗalibi ya bambance tsakanin abin da harshe ya ba marubuci kyauta da abin da marubucin ya ƙera da hannunsa. Na biyun ake yi wa sharhi.

Fasonifikeshan kuwa, wato mutuntarwa, akwai tarko a cikinsa da ya shafi Bahaushe musamman. A Hausa kowane abu ko namiji ne ko mace: wata ya fito, rana ta faɗi, mutuwa ta zo. Wannan nahawu ne kawai. Turanci yana da wakilin suna na daban domin abin da ba mutum ba, saboda haka idan mawaƙin Turanci ya kira wata ko mutuwa ko teku da wakilin sunan mutum, da gangan ya yi, kuma alama ce babba. Yaronmu da ke fassarawa a zuci yana karatu sai ya wuce ta bai ji komai ba, domin a kunnensa haka ake magana. Mutuntarwar Hausa sai an ba abu hali ko aikin mutum: "Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya." "Duniya budurwar wawa." Manazartanmu sun ƙara da dabbantarwa da abuntarwa, inda ake mai da mutum dabba ko wani abu, waɗanda ajin Turanci kan tura su duka ƙarƙashin metafo.

Wasu sunayen ba sa buƙatar dogon zama. Metonimi shi ne kiran abu da sunan maƙwabcinsa: "an ba shi rawani", "fada ta hana", "Abuja ta yi shiru". Sinekdoki kiran abu da sunan wani yankinsa: "baki goma nake ciyarwa", "sai da ƙafa ta ɗauke muka fita". Haifaboli kambamawa ce, wadda duk maroƙi da ɗan dambe da ɗan tauri ke ci da ita. Yufemizim kuwa, a garin da aka ce kunya gare su ba dai tsoro ba, ai sakaya zance ne na kullum: ya riga mu gidan gaskiya, tana da juna biyu, ta sauka lafiya, zan kewaya. Waiwaye da jan rai da zancen zuci, duk mai kallon finafinan Hausa ko mai sauraron littattafai a rediyo ya san su.

Aironi ne ya cancanci a zauna a kansa, domin shi ya fi kayar da ɗalibai. Dalili kuwa kalma ɗaya ce aka ɗora wa kaya uku. Na farko na baki, shi ne gatsen Hajiya. Na biyu na yanayi, inda al'amari ke juyewa ya faɗa ta inda ba a zata ba, kuma juyewar ta zo da ma'ana: "gwanin ruwa shi ruwa ke ci", "wanzami ba ya son jarfa". Ba kowace rashin sa'a ce ke shiga nan ba. Mutum ya faɗa kogi ya mutu, wannan musiba ce. Sarkin ruwa ya nutse a kududdufin bayan gidansa, wannan ne aironi. Na uku na wasan kwaikwayo ne, inda mai kallo ya san abin da ɗan wasa bai sani ba. Duk yaron da ya taɓa sauraron tatsuniya, ya ji Gizo na shirya wa Kura ƙarya, shi ya san ƙarya ce ita ba ta sani ba, har ya kasa zama don ɗoki, ya ɗanɗani wannan. Wasannin Shekisfiya da ake sa wa a manhaja cike suke da shi, kuma jin da yaro ya yi a gaban kakarsa shi ne dai jin da ake so ya yi a gaban littafin.

A wannan fage Hausa ta fi Turancin aji yawan ma'auni. Muna da gatse, muna da habaici, muna da zambo, muna da gugar zana, muna da ba'a, kowanne da iyakarsa. Zambo yakan fito fili, ya kama mutum ya zana muninsa har kowa ya gane shi. Habaici kuwa ƙarfinsa a rashin kama suna yake. Mace na daka tana waƙa, kishiya na ɗaki tana ji, kowa a gidan ya san inda aka dosa, amma in aka tanka sai a ce, "Ni na kira sunan wani?" Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Masu sauraron Mamman Shata, ɗan Musawa da ya rasu a 1999, sun shafe shekaru suna warware irin wannan a majalisu da tashoshin mota, yawancinsu ba su taɓa zama a ajin adabi ba. Kalmar sataya da ake koyarwa a aji ba ta rufe waɗannan duka ba. Ita ta fi karkata ga sukar halin al'umma ko masu mulki ta hanyar ban dariya da nufin gyara. In aka ce wa yaro sataya ita ce habaici, an rage masa hanya, amma an bar shi da rabin gaskiya.

Ya kamata in faɗi wannan da babbar murya, domin akwai masu ɗaukar cewa da an jera Hausa a gefen Turanci shi ke nan an gama. Akwai wuraren da ma'aunan biyu ba su haɗu ba ko kaɗan, kuma nan ne karatun gaske yake.

Babban misali shi ne karin waƙa. Waƙar Turanci a kan dannawa take tafiya, wato a kowace kalma akwai gaɓar da ake bugawa da ƙarfi da wadda ake sassautawa. Layin da Shekisfiya ya fi amfani da shi gaɓa goma ne, ƙafa biyar, kowace ƙafa sassauƙa sannan dannanniya. Rubutacciyar waƙar Hausa kuwa a kan nauyin gaɓa take. "Katsina" gaɓa uku ce, duk marasa nauyi. "Dau" ta Daura mai nauyi ce. Da wannan ma'auni malaman ƙarni na 19 da waɗanda suka biyo bayansu suka ɗora waƙoƙinsu a kan karuruwan Larabci, irin su Kamil da Mutaƙarab da Basiɗ, waɗanda Halilu ɗan Ahmad na Basara ya tsara tun ƙarni na 8. Ya fitar da 15, aka ƙara ɗaya daga baya. Ga kuma hawa da saukar murya da Hausa ke bambanta ma'ana da su, abin da Turanci bai da shi. Yaron da kunnensa ya tashi a kan wannan, kuma Turancin da yake ji a gari ba a cika danna gaɓoɓinsa yadda 'yan Ingila ke yi ba, in aka ce ya fitar da karin waƙar Turanci daga takarda, an ba makaho madubi ne. Wannan darasi ba ya koyuwa da alli. Sai an karanta da ƙarfi, ana buga tebur a kan kowace dannanniyar gaɓa, sau goma, sau ashirin, har kunne ya kama. Yau da wayoyi suka wadata, samun muryar mai karanta waƙar yadda ya kamata ba wuya ba ne.

Amsa-amo ma haka. Wanda ya saba da waƙoƙin bege da na wa'azi ya san babban amsa-amo, gaɓa ɗaya da ke rufe kowane baiti tun daga farko har ƙarshe, da ƙaramin da ke canzawa a cikin baiti, kamar yadda ake yi a ƙwar biyar. Waƙar Turanci takan sarƙa nata, layi na ɗaya da na uku, na biyu da na huɗu, ta sauya a baiti na gaba. Sonet layi 14 ce, Shekisfiya yana da 154 da aka buga a 1609, kuma a irin tasa layuka biyu na ƙarshe ne ke amsa juna su ɗaure zancen. Sannan a Turanci sauti ake bi, rubutu yakan yaudari ido. Alitireshan, maimaita baƙi ɗaya a farkon kalmomi, yana da dangi a ƙarangiya da wasan karya harshe, irin "turmi ture kura, kura ture turmi", sai dai mu mun fi yin sa don gwada baki, su kuma don jan hankali zuwa wasu kalmomi. Onomatofiya kuwa ƙanwa ce a gaban amsa-kamarmu. Ita sauti kawai take kwaikwayo. Mu muna da "tinjim" da "ƙwal" na sauti, amma muna da "fari fat", "baƙi ƙirin", "kore shar", har da "tsit", wadda ke kwaikwayon rashin sautin kansa.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne alamtarwa, domin a nan ba harshe kaɗai ya bambanta ba, ƙasar ce ta bambanta. Akwai sonet ɗin Shekisfiya da ya buɗe da tunanin kamanta masoyi da yinin lokacin zafi. A Ingila wannan lokaci ne na ni'ima, rana mai daɗi, furanni, dogon yini bayan watannin sanyi da duhu. Ka karanta wa yaron da ke zaune a aji a Katsina cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kwano na ƙara a kansa, ka ce wannan yabo ne. Yadda ya san bazara, ai zagi ne. Lokacin da ganye ke zuba a wurinsu alamar tsufa ce da gabatowar mutuwa. A kalanda kuwa ya faɗo daidai da kakarmu, lokacin da rumbu ke cika, ake biki, ake dambe da kokawa. Ruwan sama a waƙoƙinsu yakan zo da baƙin ciki. Mu da ke fita roƙonsa in ya makara, rahama muke kiran sa. Mujiya a wurinsu hikima ce, a wurinmu baƙin jini. Yaro zai iya kawo sunan dabarar daidai, ya ce wannan simbol ne, ya kuma juya ma'anar waƙar kai ƙasa. Babu jerin ma'anoni da zai cece shi daga wannan sai malamin da ya san duniyoyin biyu, ya tsaya ya ce, a can kaza yake nufi, a nan kaza.

Na san abin da za a ce. Za a ce yaran nan Turancinsu da rauni, in aka shigo da Hausa ajin Turanci an ƙara kwantar da su. Da yawanmu mun yi makarantun da ake cin tarar wanda ya yi banakula, kuma waɗanda suka kafa dokar da kyakkyawar niyya suka yi. Amsar jarrabawa da Turanci za a rubuta ta, wannan ba a canza shi, kuma dole yaro ya karanta littattafan da kansu, ya yi ta rubutu har hannunsa ya faɗa. Amma abin da nake magana a kai minti goma ne a farkon darasi, a ce wa yara kowa ya kawo karin magana ko kirari ko habaicin da ya ji a gida, a feɗe shi, sannan a ɗora masa sunan Turanci, a nuna inda sunan ya zauna daidai da inda ya yi masa kaɗan. Fahimta ba ta da yare. In ta shiga ta ƙofar Hausa, tana nan zaune lokacin da za a neme ta da Turanci.

Garin nan ma shaida ne. Unguwannin Masanawa da Marina suna tuna mana da Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, malaman ƙarni na 17 da suka yi rubutu da waƙa tun kafin a san boko. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda tsohon gininta ya zama gidan tarihi, ta shahara da tsananin koyar da Turanci, kuma ita ce ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, da Abubakar Imam. Su biyun suna cikin waɗanda suka yi fice a gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933. Sun shiga Turanci da Hausarsu da Larabcinsu a hannu, ba a ce su ajiye su a bakin ƙofa ba, kuma babu harshen da ya cinye wani.

A daren nan dai ba mu tashi ba sai da ƙafa ta ɗauke. Na sa yarinyar ta ja layi uku a sabon shafi: sunan Turanci, sunan Hausa, sai misali daga bakin mutanen gidan nan, ba daga littafi ba. Hajiya ce ta cika mata rabin shafin ba tare da ta san ana rubutawa ba, tana ta faɗa da jikoki. Da muka zo kan oksimoron, haɗa kalmomi biyu masu karo da juna, yarinyar ta daɗe tana tunani, sannan ta ce, "Kawu, mugun kyau?" Na ce ta rubuta.

Bayan kwana biyu ta kawo mini littafin. Ta ƙara layi na huɗu da kanta, na abubuwan da ta nema a jerin Turanci ba ta samu daidai da su ba. Ta sa habaici, ta sa gugar zana, ta sa amsa-kama. A ƙasa ta rubuta kirari, ta sa masa alamar tambaya, ta ce za ta kai wa malaminsu ranar Litinin.